Wanda Ya Raba Kifi da Kogi

A Shagari da Boɗinga, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, sanin da muka yi wa kifi na tukunya ne. Masunta su kamo tarwaɗa da karfasa a madatsar ruwa ta Shagari, a soya ko a banda, a kai kasuwa. Amma wayar hannu ta kawo mana wani abu dabam: kifin da ba a ci, sai kallo. Muna ganinsa a bidiyo yana yawo cikin akwatin gilashi a falon wani, sai rai ya biya. Wanda ya fi jan ido a cikinsu shi ne diskas, kifi mai faɗi da kewaye kamar faifai, mai zanen ja da shuɗi. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ya halatta mu tsare rai don idonmu ya ji daɗi? Idan ya halatta, me ya hau kanmu?

Gidan diskas na asali kogin Amazon ne da rassansa a Kudancin Amurka. Wani masani a Ostiriya, Johann Jakob Heckel, ya fara bayyana shi a rubuce a 1840. Danginsu ɗaya da karfasarmu, sai dai shi ɗan gata ne. Yana son ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, mai tsabta, wanda ba shi da yawan ma'adinai. Faɗinsa yakan kai santimita 15 ko fiye, kuma yana iya shekara goma in ya sami kulawa. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne renonsa. Idan 'ya'ya suka ƙyanƙyashe, sai su manne a jikin uwa da uba suna tsotsar wata majina da fatarsu ke fitarwa. Makonni suke yi a haka, iyayen suna karɓa-karɓa, in wannan ya gaji ya girgije su kan wancan.

A kogi, ƙazantar kifi ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati ba inda za ta je. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin na'urar tace ruwa su ne ke juya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Su ma da iska suke rayuwa. In wuta ta ɗauke ta daɗe, na'ura ta tsaya, ƙwayoyin su fara mutuwa, iskar da ke cikin ruwan ta ragu. Ga kuma yanayinmu: a watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, da hunturu kuma dare ya yi sanyin da sai an kunna hita. Ƙasar ma tana da dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, ruwan da ya ratsa irin wannan dutse kuwa yakan fito da ma'adinan da diskas bai saba da su ba.

Wani zai ce, to ai masunci kashe kifi yake yi, mai akwati kuwa raya shi yake yi, wa ya fi wani tausayi? Hujja ce mai ƙarfi, amma akwai abin da ta tsallake. Masunci ya ɗauki ran kifin a lokaci guda don ciyar da mutane, kafin nan kifin ya yi zamansa a ruwan da Allah ya ajiye shi. Har ma masunta suna da ƙa'ida: a Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, don kifi ya samu ya girma. Mai akwati kuwa ya bar wa kifin ransa ya ɗauke masa kogi. Daga ranar, duk aikin da kogi ke yi ya dawo wuyansa: shi ne ɗumin ruwa, shi ne iska, shi ne abinci, shi ne mai kwashe ƙazanta. Kogi kuma ba ya tafiya biki, ba ya mantuwa, ba ya cewa yau ba kuɗin mai.

Addini bai hana mu ajiye dabba don sha'awa ba. Ƙanen Anas bin Malik yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba, malamai kuma sun kafa hujja da wannan. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Laifin bai tsaya ga kullewa ba, ya haɗa da gazawa wajen sauke abin da kullewar ta ɗora mata. Kyanwa ma tana kuka, maƙwabci ya ji. Akuya in ta ji yunwa sai ta hana gida barci. Kifi ba shi da murya. Diskas in ya wahala sai dai launinsa ya yi duhu, ya maƙale a lungu, ya daina cin abinci. Wanda bai koyi karanta wannan ba zai yi ta cutar da shi yana yabon kyansa. A nan ne ake gane tausayinmu na gaske ne, ko kuwa kuka ne kawai muke gudu.

Sai batun yawa, wanda shi ne ya fi kayar da masu kiwo. Diskas ɗan garke ne. In aka ajiye shi shi kaɗai tsoro ya kama shi, in biyu ko uku ne mai ƙarfi ya addabi mai rauni. Saboda haka masu kiwonsa suka daidaita a kan biyar ko shida, kowane babba kuma a ware masa lita 40 zuwa 50. Kenan akwatin da zai ɗauki shida yana neman lita 300. In za a canja kashi ɗaya cikin uku duk mako, lita 100 ke nan, jarka huɗu mai lita 25. Ido ba ya wannan lissafi. Ido fili yake gani a gilashi, ya ce a ƙara ɗaya, ga wani ja, ga wani mai ɗigo-ɗigo. Tambayar da muke yi ita ce nawa akwatin zai ci. Wadda ta dace ita ce nawa za mu iya riƙewa a daren da ba wuta, a makon da rijiyar burtsatse ta lalace, a watan da albashi ya makara. Masu rubuta manhaja sun san cewa ba a auna tsari da ranar da komai ke lafiya.

Jarka huɗun nan ma tana da nata haƙƙin. A unguwar da mata ke jiran 'yan garuwa kafin su ɗora girki, wanda ke zubar da lita 100 duk mako ya kamata ya san inda ruwan ke zuwa. Tsohon ruwan akwati taki ne ga shuka, sai a ba zogale da lemo maimakon a malalar da shi a kwata.

Ba muna cewa son kyau laifi ba ne. Mu masu kiwon tantabara ne da dawaki tun kaka da kakanni. Yaron da ya tashi yana kallon diskas na renon 'ya'yansa ya ga wata aya da littafi ba zai nuna masa ba. Galibin waɗanda ake sayarwa yau ma ba daga Amazon aka kamo su ba, a gonakin kifi na Malesiya da Tailan da Jamus aka haife su, ba su taɓa ganin kogi ba. Sai dai wannan bai rage nauyin ba, ƙara shi ya yi, domin ba su da gidan da za su koma. Wanda ke da sola da batir, da ruwa, da haƙurin jiran mako shida yana kallon akwati ba kifi, ya ajiye abinsa. Wanda ba shi da su, kallon bidiyo bai rage shi da komai ba.

Kuma maganar ba ta tsaya ga kifi ba. A gidajenmu akwai 'yar riƙo da aka ɗauko daga ƙauye, akwai yaron da aka kawo karatu, akwai amaryar da aka raba da danginta aka kai wani gari. Kowannensu an raba shi da inda ya saba, kuma da yawansu ba su iya faɗin abin da ke damunsu ba. Kafin mu ce a ƙaro ɗaya, mu duba waɗanda ke hannunmu tukuna: wa ya daina cin abinci, wa ya koma lungu ya yi shiru?