Lauyan Wa Ne Shi, Naka Ko Na Mai Fili?

Mai karatu, idan ka saba kallon finafinan Amurka, lauyan da ka sani shi ne na cikin kotu: ya sha kwat, yana zarya gaban alƙali, yana tsare mai shaida da tambayoyi har sai ya rasa ta cewa. To amma mafi yawan aikin lauya ba a nan yake ba. Yana can a ofis, a kan tebur, inda ake sa hannu a takardar ciniki babu hayaniya. A nan ne kuwa amana ta fi saurin salwanta, don babu alƙali, babu 'yan kallo.

Bari in kai ka jihar Teksas. Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar jihar mallakin mutane ne, ba na gwamnati ba. A dokarsu, barewar daji ta al'umma ce, amma ba ka da ikon taka filin wani ka harbe ta sai da izininsa. Shi ya sa mai sha'awar farauta ko dai ya yi hayar daji, ko ya tara kuɗi ya sayi nasa.

Ka ɗauka kai ne mai sayen. Ka baro birni, ka je wani ƙaramin gari, ka ga daji ya yi maka. Mai filin ya ce, "Ga lauyana nan, shekara da shekaru shi ke yi mana takardu. Bari ya yi mana gaba ɗaya, mu raba kuɗin aikinsa." Ka ga sauƙi, ka ce to. Lauyan kuma mutumin kirki ne, duk gari sun shaide shi. Ina laifi?

Laifin shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, lauyansa ma ya sani. Wataƙila hanyar shiga dajin ta cikin gonar maƙwabci ta bi, kuma babu izinin wucewa a rubuce, zumunci ne kawai. Ran da aka ɓata, sai dai ka hangi dajinka daga nesa. Wataƙila kuma tun zamanin kaka aka sayar da haƙƙin ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar. A Teksas wannan haƙƙi ya fi na mai saman fili ƙarfi, don haka kamfanin mai na iya shigowa da injina ya haƙa rijiya a tsakiyar inda kake dakon barewa. Ko kuwa akwai wasu mafarauta da suka yi hayar dajin, wa'adinsu bai cika ba.

To, ya lauyan nan zai yi? Idan ya ja ka gefe ya ce ka nemi ragi, ko ka fasa, ya cuci tsohon mai hulɗarsa da sirrin da ya ba shi ajiya. Idan ya yi gum, ya cuce ka, kai da ka biya shi don ya zama idonka. Ka ga ke nan ba sai ya zama macuci ba kafin a cutu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Za ka ce ai dillali ma haka yake, yana tsakiya, wani lokacin ma yana karɓar la'ada ta ko'ina. Haka ne, amma kowa ya san burin dillali ciniki ya faɗa, shi ya sa kake sauraronsa da kunne ɗaya. Lauya kuwa, da ka ɗauke shi sai ka saki jiki, ka daina bincike. Wannan sakin jikin shi ne abin da ka saya da kuɗinka.

Su ma lauyoyin sun san da matsalar. Ƙa'idojin aiki da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar a 1983, waɗanda jihohi suka gina nasu a kai, sun hana lauya tsaya wa mutum biyu masu karo da juna, sai in ya tabbata zai iya yi wa kowa aiki yadda ya kamata, kuma kowa ya amince bayan cikakken bayani. Idan kuma shi kansa lauyan mafarauci ne, dajin wanda yake wa aiki ya shiga ransa, dole sharuɗɗan cinikin su zama na adalci, a rubuce, ya kuma shawarci mutumin ya nemi wani lauya daban.

Amma amincewa tana wanke komai? A jihar New Jersey wasu 'yan'uwa mata biyu sun gāji fili, ba na farauta ba, na gina gidaje. Suka yarda lauyansu ya tsaya wa mai sayen ma. Aka yi ciniki a kan dala 110,000 kowane fuloti. Daga baya mai sayen ya ƙulla sayar wa wani kamfani a kan dala 200,000, lauyan ya sani, matan ba su sani ba. A 1993 Kotun Ƙolin jihar ta ce daga yau lauya ɗaya ba zai tsaya wa mai saye da mai sayarwa a babban cinikin fili mai sarƙaƙiya ba, ko da duka sun amince.

A ganina kotun ta gano bakin zaren. Ranar da kake cewa "na yarda", ba ka san abin da za a ɓoye maka gobe ba. Yaya za ka yafe abin da ba ka san da shi ba?

Ban ce duk cinikin da lauya ɗaya ya rubuta ɓatacce ba ne. A ƙauye lauyoyi ba su da yawa, kuɗi kuma ba a tsintar su. Idan an riga an gama magana, rubutawa kawai ta rage, ana iya wanyewa lafiya. Sai dai lauya na gari zai faɗa maka ƙarara, "Ni na mai fili ne, je ka nemo naka." Zai rasa rabin la'ada, ya tsira da mutuncinsa.

Saboda haka, mai karatu, ko daji za ka saya a Teksas ko kango a bayan gari, kafin ka ɗauki biro ka dubi mai takardar ka tambaye shi: idan muka saɓa da wannan bawan Allah, bayan wa za ka bi? Idan ya ce bayan kowa, to rufe bironka tukuna.