Ganganci Ba Tawakkali Ba Ne

Ya ƴan'uwa Musulmi, kowace damina mukan ga samarinmu suna sheƙa gudu tsakanin Maraɗi da Damagaram ana tsuga ruwa. In an tsawata musu, sai su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Ajali gaskiya ne, amma Manzon Allah (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Ubangiji. Ruwan fari yakan cuɗu da ƙura da mai, kwalta ta yi santsi, birki ya ƙi kamawa. Ko kisan kuskure, shari'a ta wajabta diyya da kaffarar azumin wata 2 a jere. Mu sassauta gudu, mu kunna fitila, kada mu kutsa korama tana ambaliya. Allah ya kiyaye mu, amin.