Me Ya Sa Muke Ambaton Bilatus Kowace Lahadi?



Kowace Lahadi bayan wa'azi mukan miƙe tsaye mu faɗi Shaidar Bangaskiya. Ban da sunan Ubangijinmu Yesu, sunayen mutane biyu kaɗai ke cikinta: na Budurwa Maryamu da na Buntus Bilatus. Babu Ibrahim, babu Musa, ko Bitrus shugaban manzanni bai sami shiga ba. Na Maryamu mun san dalili. Amma ina dalilin da Ekklesiya za ta sa sunan gwamnan Romawa, wanda ya ba da Mai Cetonmu a gicciye, a bakin 'ya'yanta har yau?

A zamanin da, da mulkin masu sarauta ake ƙirga lokaci, kamar yadda kakanninmu kan ce an haife su zamanin Sarki wane. Ambaton Bilatus kamar rubuta kwanan wata ne a kan takarda. Labarin Gizo da Ƙoƙi ba wanda ke tambayar shekararsa ko garin da ya faru, gama tatsuniya ce. Ekklesiya kuwa tana cewa an kashe Yesu a Urushalima, a lokacin da Bilatus yake mulkin Yahudiya a ƙarƙashin Kaisar Tibariyas, wato tsakanin shekara ta 26 da ta 36 bayan haihuwar Kristi. Wanda ya faɗi wuri da lokaci ya yarda a bincike shi ke nan.

An kuwa bincika. A shekara ta 1961 masana daga Italiya suna haƙa a kangon birnin Kaisariya, a bakin Bahar Rum, inda gwamnonin Romawa suke zama. Sai suka tarar da wani dutse da magina na baya suka mayar matakala a gidan wasa. Rubutun Latin ne a kansa, wani sashe ya farfashe, amma ana karanta sunan Bilatus da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. Dutsen yana gidan adana kayan tarihi a Urushalima. Gani ya kori ji. Tun kafin wannan ma akwai shaidar Tasitus, marubucin tarihin Romawa, wanda ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe Kristi a zamanin Tibariyas. Tasitus ya raina Kirista ƙwarai, bai kuwa rubuta wannan don ya taimake mu ba.

Saura tambaya ta biyu, wadda 'ya'yanmu ke gamuwa da ita a makaranta, mu ma a kasuwa da wurin aiki: an ce an canza Littafin. Kada mu amsa da fushi, gama mai tambaya sau da yawa abin da ya ji ne yake maimaitawa. A wani ɗakin karatu a birnin Mancesta ta Ingila akwai guntun takarda da bai kai tafin hannu ba, wanda aka samo daga Masar. Yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 2. Abin da ke rubuce gaba da bayansa kuwa 'yan ayoyi ne daga sura ta 18 ta Bisharar Yohanna, daidai wurin da Yesu yake tsaye gaban Bilatus. Abin da mai karatu ke karanta mana ran Jumma'a Mai Kyau, shi ne wani Kirista ya kwafa da hannu tun wancan zamani. Rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari da harshen Helenanci sun wuce 5,000, sun kuma fito daga ƙasashe dabam dabam, ba daga hannun mutum guda da zai iya tattara su ya gyara ba.

Ba mu ce masu kwafa ba su yi kuskure ba. Mutane ne, ido yakan tsallake layi, hannu yakan gaji. Ayoyi 12 na ƙarshen Bisharar Markus, alal misali, babu su a cikin tsofaffin littattafai biyu na ƙarni na 4, ɗaya daga cikinsu kuwa a ɗakin karatu na Vatikan yake. Ekklesiya ta karɓi ayoyin nan cikin Littafi Mai Tsarki, ba ta kuma ɓoye tarihinsu ba. Fassarori da yawa sun rubuta shi a ƙasan shafi. Yawan rubuce-rubucen ne ma ya sa aka iya gane inda suka bambanta. Tun 1943 Paparoma Pius na 12 ya ƙarfafa malaman Katolika su duƙufa ga irin wannan bincike.

Sai dai mu san iyakar dutse da takarda. Suna iya nuna mana cewa an yi Bilatus, an yi shari'ar, an kuma adana labarin da aminci. Ba za su iya sa mutum ya gaskata cewa wanda aka gicciye ya tashi ba. Wannan ya rataya ga shaidar manzanni da aikin Ruhu Mai Tsarki.

Tun da Bilatus mutum ne na gaske, to, zunubinsa ma irin na mutane ne, ya kamata mu dube shi da kyau. Yohanna ya nuna sau uku Bilatus yana faɗa a fili cewa bai sami laifi ga Yesu ba. Ba jahilci ne ya kā da shi ba. Abin da ya karya shi shi ne barazanar cewa za a ɗauke shi maƙiyin Kaisar, wato kujerarsa ce ke rawa. Sai ya nemi ruwa ya wanke hannu, kamar yadda Matiyu ya ba da labari.

Ruwan nan bai ƙare a kwano ba, 'yan'uwa. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, yana cewa umurni ne daga sama, da shi ya wanke. Haka dattijon da ya zauna shiru ana ƙwace gonar gwauruwa da marayunta, domin mai ƙwacen yana da ƙarfi a dangi. Haka kuma mu duka, idan aka yi ihun ɓarawo a tasha, taro ya rufe wani yaro da duka, muka kau da kai muka ce ba ruwanmu. A cikin masu yin haka akwai masu zama a kujerun gaba ran Lahadi, akwai kuma lokacin da mu masu wa'azi mukan zaɓi shiru don kada mu ɓata wa mai ba da babban baiko rai. Kujerar da Bilatus ya tsare kuwa ba ta daɗe ba: Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce Samariyawa sun kai ƙararsa, aka tura shi Roma ya amsa tuhuma, mulkinsa ya ƙare nan.

Muna roƙon kowane gida ya karanta sura ta 18 da ta 19 na Bisharar Yohanna cikin makon nan, bayan abincin dare, yara suna ji. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ba mu da hujjar barinsa a ƙasan akwati. Katikis da shugabannin Zumuntar Mata su lura da tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu ba, a sami mai karanta musu.