Hawaye da Tuba a Finafinan Yaƙi na Japan

Babu mai zuciya da zai kalli Hotaru no Haka, fim ɗin da Isao Takahata ya fitar a 1988, ya ga yadda yunwa ta cinye wa da ƙanwarsa bayan jiragen Amurka sun yi wa birnin Kobe ruwan wuta a 1945, ya tashi idonsa a bushe. Hawayen nan kuwa halal ne, domin yarinya 'yar shekara huɗu alƙalami bai hau kanta ba, balle a ɗora mata alhakin hafsoshin ƙasarta.

Sai dai malamai sun daɗe da tabbatar da cewa laifin da ya shafi haƙƙin bayin Allah, nadama kaɗai ba ta kankare shi, sai an mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, ko aƙalla a je gare shi a nemi afuwa. A nan ne nake ganin naƙasu, domin a irin waɗannan finafinai yaƙi yakan sauko ne daga sama tamkar annoba, musiba marar fa'ili, ta yadda mai kallo zai fita bai ji labarin kisan gillar Nanjing na Disambar 1937 ba, bai ga mutanen Koriya da aka kwasa aikin tilas ba, balle dazuzzukan Bama inda sojojinmu suka gwabza da rundunar Japan. Uban yaran nan na Hotaru no Haka hafsan sojan ruwa ne, amma ba a tambayi inda bindigogin jirginsa suka dosa ba.

Haƙiƙa ba a ɗora wa ƙissa guda nauyin tarihi duka, kuma akwai Japanawan da suka dubi laifin ido da ido, irin su Masaki Kobayashi, wanda ya yi soja a Manchuriya, ya kuma nuna a fim ɗinsa Ningen no Joken, tsakanin 1959 da 1961, yadda ake bautar da Sinawa a mahaƙar ma'adinai ana fille musu kai. Amma zuciyar jama'a ta fi karkata ga kukan kanta, har a 2013 ta bayyana cewa hukumar ilmin birnin Matsue ta sa makarantu sun janye littafin zane mai suna Hadashi no Gen daga hannun yara saboda zanen ta'asar sojan Japan, alhali gawarwakin Hiroshima da ke cikin littafin sun shekara da shekaru a ɗakunan karatun ba wanda ya nemi a ɓoye su.