Hukuncin Makullin Gaggawa a Ma'aunin Shari'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, masana na'urar kwamfuta suna da wani umarni da sukan tanada domin ranar tsanani, watau umarnin da zai kashe tarin na'urori gaba ɗaya idan gobara ta tashi ko ɓarayin bayanai suka kutsa. Wuyar aikin tana wajen sanin wanda ya cancanci riƙe makullin, da abin da za a fara kashewa, da yadda za a sake kunnawa. A watan Oktoba na 2021 wani umarni guda da aka bayar bisa kuskure ya tsayar da Facebook da WhatsApp kimanin awa 6 a duniya duka.

Mutanen Zamfara sun san wannan al'amari a jikinsu. A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a jihar na mako biyu, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, amma ƙauyuka irin su Bilbis ta ƙasar Tsafe da na Bungudu sai ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan ɗan kasuwa ya kasa aika kuɗi, mai naƙuda ta kasa kiran mota, ƙauyen da aka kai wa hari ya kasa sanar da maƙwabta. To, ko ya halatta shugaba ya ɗora wa jama'a cuta irin wannan domin ya kawar da wadda ta fi ta?

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa ana ɗaukar ƙaramar cuta domin a tunkuɗe babba, kuma lalura takan halatta abin da aka hana. Amma sun haɗa wannan da wata ƙa'ida, cewa lalura ana auna ta gwargwadonta, idan ta gushe rangwamen ya gushe tare da ita.

Ƙissar Annabi Musa (AS) da Halliru a Suratul Kahfi ta bayyana ma'aunin. Halliru ya huda jirgin miskinai domin ya tsere wa azzalumin sarki mai ƙwace jirage. Lalle ya lahanta jirgin, amma bai nutsar da shi ba: aibi ne wanda ake iya gyarawa, masu jirgin kuwa suka tsira da dukiyarsu. Sa'an nan ya bayyana dalilinsa kafin su rabu. Sai dai Halliru ya yi aiki da ilmi daga Allah, alhali kuwa shugaba zato da bincike kawai yake da su. Saboda haka shawara ta wajaba a kansa, kamar yadda Sayyidina Umar (RA) ya tara Muhajirai da Ansaru kafin ya juya da jama'a daga hanyar Sham a lokacin annoba.

Daga nan sharuɗɗa huɗu suke fitowa ga injiniya da gwamna baki ɗaya. Kada makulli ya zauna a hannun mutum guda. A kashe abin da ya zama dole kaɗai, a bar wa asibiti da mai neman agaji ƙofa. A yanke wa'adi, kuma kada a ƙara shi sai da sabuwar hujja. Daga ƙarshe a faɗa wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa, domin mulki amana ne, kuma za a tambayi kowane makiyayi game da abin kiwonsa.

Allah Ya ba shugabanni mashawarta na gari, Ya maido da aminci a Zamfara. Allah ne Mafi sani.