Alwala da Kula da Fata a Lokacin Hunturu

Hunturu a Bauchi yakan kama daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura da hazo. Laimar iska takan ragu ƙwarai, sai leɓe ya tsage, kaushi da faso su kama dunduniya. Musulmi kuwa ba ya rabuwa da ruwa saboda salla, kuma duk ruwan da ya bushe a jiki yakan tafi da danshin fata. Daga nan tambaya biyu suke tasowa: shin jure wa ciwon fata ibada ne, kuma shin shafa mai yana ɓata alwala?

Hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim cewa cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana kankare zunubi, yana ɗaukaka daraja. Wahalar da ake nufi ita ce wadda ta zo da kanta, kamar ɗarin asuba. Wanda yake da halin ɗumama ruwa ya ƙi, ko ya bar ƙafarsa tana tsagewa alhali mai yana kusa, bai ƙara lada ba. Annabi (SAW) ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da hakki a kansa, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

Batun mai ya fi buƙatar bayani, domin a mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan Bauchi daga littafin Ahalari zuwa Risala, cuccuɗawa farilla ce, kuma dole ruwa ya kai ga fata. Abin dubawa shi ne kaurin man. Idan man kaɗanya ko man alayyadi ya narke ya shige jiki, maiƙo kawai ya rage, alwala ta inganta. Idan kuwa an lafta basilin ya daskare har ya tare ruwa, sai an goge shi, in ba haka ba a bar lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba. Mafita mai sauƙi ita ce a shafa bayan alwala tun fata tana da danshi. Likitocin fata ma haka suke cewa, domin mai yana tsare ruwan da ya tarar ne kada ya tsere.

Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, marubucin Risala, wanda ya rasu a 996, ya ambaci kaushi da tsagewar ƙafa a babin alwala, ya ce a tsananta cuɗa wuraren da ruwa ba ya saurin shiga. Ashe wanda ya kula da dunduniyarsa ya sauƙaƙa wa kansa tsarki.

In faso ya zama rauni, ana ɗaure shi a yi shafa a kan bandejin. Taimama saboda sanyi ma tana da asali: Amru ɗan Asi ya yi ta a wani dare mai tsananin ɗari a yaƙin Zatus Salasil, Annabi bai hana ba. Sai dai sharaɗinta tsoron cuta ne da rashin hanyar ɗumama ruwa. Mai ciwon sukari ya kamata ya kai tsagewar ƙafa asibiti da wuri, domin rauninsa ba ya saurin warkewa.

Waɗanda hunturu ya fi jigata su ne almajirai, masu alwala da ruwan da ya kwana a waje, suna yawo da ƙafa a tsage. Ɗumama musu ruwa da sayo musu man kaɗanya a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal nauyi ne a kan iyayensu da malamansu da maƙwabtan tsangaya.