Gandun Gado Ya Ƙanƙance: Kira Ga Iyaye

Ya ku jama'a, iyaye maza da mata, malamai da masu gari, akwai maganar da muka daɗe muna kauce mata. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 17, yau kuwa an wuce miliyan 25.

Ku dubi kudancin Maradi. Gandun da kaka ya noma an yi ta rabonsa gado bayan gado, har abin da magidanci ke girbewa ba ya kai iyalinsa wata kakar. An daina barin saura ta huta. Idan wuri ya matse, mace ake fara karɓe wa gamana, wato 'yar gonarta ta kanta, ita da ke cika tukunya idan rumbu ya ƙare. Burtali ma an nome shi, kuma ba mu manta da jinin makiyaya da aka zubar a Toda a 1991 ba.

Za a ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, 'ya'ya kuma arziki ne. Ba na zargin tsohon da ba shi da madogara sai ɗansa, ko uwar da ta binne yara har take tsoron tsayawa a kaɗan. Amma wanda ya ɗauki lamunin arziki shi ne ya ɗora wa uba ciyarwa, tufatarwa da tarbiyya. Yaron da aka miƙa wa kwano aka tura birni bara, da yarinyar da aka aurar tun ba ta isa ba don a rage baki, amana ce aka tozarta, kuma za a tambaye mu.

Addini bai rufe ƙofa ba. Ya kwaɗaitar da shayarwa shekara biyu, sahabbai kuma sun yi azalu Manzon Allah (SAW) yana raye. Malamai da dama sun halatta tazarar haihuwa don lafiyar uwa da ɗa, idan ma'aurata sun yarda.

Malamanmu, ku faɗi wannan a kan mumbari. Magidanta, kafin ƙarin aure ku duba rumbu, ku shawarci matanku, ku raka su asibiti, ku bar 'yan mata su gama karatu.